Kamarar Da Kawu Ya Kwance

Aikina duba jini. A ƙaramar likitar garinmu, cikin ƙasar Kurfai, tafiyar rabin wuni a amalanke daga Filinge, ni ce mai ɗakin da mutane ke kira ɗakin madubi. A lakwal, wato makaranta, mikoroskof aka koya mana, amma duk wanda ya faɗi haka a garinmu sai an tambaye shi ko lafiya, don haka ni ma madubi nake cewa. Madubin da na tarar a ɗakin ya girme ni. Idonsa na hagu ya yi hazo tun kafin in zo, sai in runtse nawa ɗaya in leƙa ta na dama. Da damina, lokacin da masassara ke bin yara gida-gida, nakan wuni a sunkuye, in tashi wuyana ya ƙi juyawa. Idan na ga abin da ban gane ba, sai in naɗe ɗan gilashin da na shafa jinin a takarda in ba direban motar kasuwa ya kai Filinge, wani lokaci daga can a wuce da shi Yamai. Amsa takan dawo bayan mai ciwon ya warke, ko bayan an yi sadakar bakwai.

Ƴan garinmu da ke bida, wato ci-rani, a Kwatano suna da ƙungiya, kuma wata shekara suka aiko suna tambaya me likita ta fi bukata. Manjo, wato shugaban likitarmu, ya so katifu. Ni kuwa ban bari ya rufe baki ba, na ce madubi, kuma mai kamara. Na taɓa ganin irinsa sau ɗaya a wani horo: ana ɗaura kamara a kansa, abin da ke cikin jini ya fito a fuskar ordinatar, wato kwamfuta, ka ɗauki hotonsa ka tura wa babban likita ta waya. Na yi ta magana har manjo ya ɗaga hannu ya ce na ci. Ƴan bida suka yi odarsa, ya iso Kwatano ta jirgin ruwa, mai shagon ya haɗa shi a gabansu ya gwada musu yana aiki. Manjo kuma ya yi ta zirga-zirga har ya samo takardar da ke yafe wa kayan likita kuɗin duwan, wato kwastan. A takardar an rubuta abu guda: madubi mai kamara.

Saura wanda zai rako shi gida, kuma nan ba a yi gardama ba. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne ɗan amanar garinmu tun ina goye. Ya yi fatauci da jakuna, ya yi da manyan motoci, bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma babu wanda ya taɓa ba shi saƙo ya ɓata. Matan da mazansu ke bakin teku shi suke jira, ba gidan waya ba. Dogo ne, marar yawan magana, kuma ban taɓa jin ya tambayi wani yadda ake yin abu ba.

Sai dai kawu yana da ƙa'idarsa, wadda duk Bakurfaye ya sani, shi kuwa ya mayar da ita kamar farilla. Ba a haɗa dukiya wuri guda. Geronsa rumbu biyu ne, ɗaya a gida, ɗaya a gona. Shanunsa rabi suna hannun wani Bafillace wajen Abala, rabi suna hannun wani a cikin dallol, babban kwarin ƙasarmu, don in ciwo ya shiga wancan garke wannan ya tsira. Shekarar da gobara ta cinye rumbunan unguwarmu, shi kaɗai ya kwana da abinci, ya kuma ciyar da maƙwabta, kuma wannan labari ne kaɗai na san yana maimaitawa. A hanya ma haka yake yi da duk saƙon da ke da daraja, yadda ubansa ya koya masa a zamanin ayari.

To, da aka damƙa masa madubi a Kwatano, ya tambayi mai shago wane yanki ya fi tsada. Aka nuna masa kamarar, ƴar abu baƙa da ba ta fi sabulun wanki girma ba. Kawu ya jira kowa ya watse, ya sa hannu ya kwance ta. Madubin ya mayar kwalinsa ya sa a wata babbar mota. Kamarar kuma ya naɗe da zane, ya sa cikin kwanon sha mai murfi, ya ɗaure, ya haɗa da kayan wani amininsa a wata motar dabam. Lokacin hanyar Gaya tana buɗe. Shi ya hau kar, babbar motar fasinja, ya riga su zuwa, hankalinsa kwance.

Motar kamara ce ta fara isa Yamai. Mai fitar mana da kaya daga duwan ɗan kawu ne, taubashina, wanda ke aikin taranzitar, wato masu cika takardun kaya a madadin mai kaya. Ya duba jerin kayan motar ya ga an rubuta kamara, bai san ta madubi ba ce, ya shigar da ita a matsayin kamara kamar kowace. Nan take aka ɗora mata kuɗin da ake ɗora wa kayan ƙawa, wanda takardar manjo ba ta yafe ba, kuma babu mai ƙarfin halin komawa wajen ƴan bida ya ce su sake haɗawa. Bayan kwanaki motar madubi ta iso. Aka buɗe kwali, takarda ta ce mai kamara, kwali ya ce babu. Duka biyun suka zauna a mangazar duwan, inda suke tsare kaya, taubashina kuma ya aiko cewa kayan da suka wuce wa'adi a mangaza gwanjonsu ake yi.

Kawu ya dawo gari hannu wofi, abin da bai taɓa yi ba. Kafin sati ya zagayo magana ta fito daga bakin rijiya ta shiga kasuwa: wai ya cire kamarar ya ba ɗansa yana ɗaukar hoton biki da ita a Yamai. Ban san wanda ya fara ba, kuma gara da ban sani ba. Kawu ya daina zama a majalisar ƙofar maigari, inda yake da gurbinsa a tabarma tun kafin a haife ni. Sai ya zo salla a makare, ya tsaya a sahun baya, a yi sallama ya sulale. Wata mata da mijinta ke Kwatano ta aika a karɓo mata saƙonta daga hannunsa tun bai huta ba, wai kada ya kwana.

Ni kuma ina da baki, kowa ya sani. Da taubashina ya yi mini bayanin abin da ya faru ta waya, ban ko cire rigar aiki ba na nufi gidan kawu. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na faɗa masa maganar da ɗiya ba ta faɗa wa wan uwarta. Na ce wannan ba garken shanu ba ne, na ce abin da mutum bai sani ba ya bar shi yadda ya gan shi, na ce yaran da za su kwanta bana alhakinsu ya san inda zai nema. Bai ɗaga kai ba sai da na gaji.

"Ɗiyata," ya ce, "ni ban ci amana ba. Yadda ubana yag gwada min, hakanan niy yi."

Na fita ina huci. Mahaifiyata ta ji, ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata. A rana ta uku na nemi izinin manjo, na ɗauki takardun, na sa gilasan shafa jini da allurar tsaga yatsa a jaka, na aika wa kawu cewa gobe zan tafi Yamai. Da na isa tashar Filinge na tarar da shi zaune a kan benci, ya riga ni. Har Yamai ba mu yi wata magana ba banda gaisuwa.

Buron taubashina, wato ofishinsa, ɗan ɗaki ne da fanka mai kuka. Yana ganina ya ce ga baiwarsa ta zo daga ƙauye da ƙurar Kurfai a ƙafa, a kawo mata ruwa kada ta shanye iskar fanka. Na ce bawan da ya kasa bambanta kayan likita da na masu hoton biki ai sayar da shi ya kamata a yi, in an samu mai saye. Muka yi dariya, amma da ya dubi ubansa sai dariyar ta tsaya. Shi ma maganar ta iso masa.

Taubashina ne ya ɗauko mini littafin duwan. Tarif suke ce masa, kauri kamar tubali. Duk abin da zai shigo ƙasa, daga allura har jirgi, yana da lambarsa a ciki, kuma lambar ce ke faɗin abin da za a ɗora masa. An kasa shi babi-babi. Na buɗe farko na ga dabbobi masu rai, dawakai da jakuna a layin farko. Na faɗa wa kawu, don in sami abin cewa. Ya ɗan gyara zama ya ce ashe masu littafin sun san abin da suke yi. Gero na can babi na goma. Kamara tana babi na tamanin da biyar, tare da rediyo da talabijin. Madubi kuma yana babi na casa'in, unguwa ɗaya da tabarau da kayan aikin likita.

Wuni biyu na yi a kan littafin nan, ina bi da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Faransancin duwan ba irin na lakwal ba ne, jimla guda sai ta ci rabin shafi. Amma ni mutum ce da ta saba neman ƙaramin abu a cikin fili mai yawa. A ƙarƙashin lambar madubi na tarar da layin da ya ambaci madubai masu ɗaukar hoton abin da suke gani. Na buga tebur na ce ga mu nan, da sunanmu da komai. Taubashina ya ce ya san layin, ba yau ya fara aiki ba. Layin na madubin da ya zo tare da kamararsa ne, a gabatar da su lokaci guda a takarda guda. Namu kuwa ya zo a mota biyu, a rana biyu, kuma rabinsa ya riga ya shiga da wata lamba. Sai in sufetan da ke duba kaya ya yarda a soke takardar farko a haɗa su, kuma ba ya yarda don an roƙe shi.

Na shiga wajen sufetan da shirin faɗa, na tanadi maganganu tun daga hanya. Sai na tarar da mutum mai furfura da tabarau, ya miƙe ya gaida kawu da fofo, gaisuwar mutanen Yamai, ya ba shi kujera, ya kira shi baba. Duk makamaina suka zube. Ya saurare ni har ƙarshe, ya karanta takardar manjo, ya duba layin da na sa wa alama. Sa'an nan ya ce ba shi ya rubuta littafin ba, kuma ba shi da ikon karanta shi yadda ransa ke so. Kamarar da ta zo ita kaɗai kamara ce, ko ta wace irin aiki ce. Na ce ai wannan ba ta iya ɗaukar hoton kowa. Ya ce haka kowa ke faɗa a kan kayansa. Amma tun da duka biyun suna mangaza ɗaya, in na iya nuna masa da idonsa cewa wannan kamara da wannan madubi na'ura guda ce, ita ce kuma wadda takarda ta ambata, zai sa hannu a soke ta farko. Ya ce gobe da safe.

Mangazar duwan wani babban rumbu ne na kwano, zafi kamar gidan burodi, cike da firiji da babura da buhunan da ban san na mene ne ba. Aka share mana wani tebur kusa da inda wuta take. Masu dako suka kawo kwalin madubi, sa'an nan wani ya kawo ƙunshin zane. Sufeta ya tsaya yana kallo ina kwance ƙulli bayan ƙulli, har kwanon sha ya bayyana, na buɗe murfi, ga kamara kwance a cikin auduga. Ya dubi kawu ta saman tabarau. Kawu ya dubi rufin kwano.

Na fara da kamarar ita kaɗai. Na haɗa wayarta da ordinatar taubashina, na juya bakinta wajen fuskar kawu. Babu abin da ya fito sai fari-fari kamar an zuba kunu a gilashi. Na juya ta wajen sufeta, haka. Na miƙa masa ita na ce ya nemi inda ake dannawa, ko inda ake leƙawa, ko batir. Ya jujjuya bai samu ba. Na ce ba ta da ido nata, da idon madubi take gani. Ya gyaɗa kai ya ce wannan rabin magana ne, saura rabi.

Na fito da madubin. Wallahi ban taɓa taɓa sabo ba sai ran nan. Na kafa shi, na kunna fitilarsa, na ɗauki kamara zan ɗaura a bututun da ke samansa. Ta ƙi zama. Bakin bututun ya fi nata faɗi, babu abin da zai kama wani. Na juya ta hagu, na juya dama. Na tuna a hoton da ƴan bida suka turo akwai wani zoben ƙarfe baƙi tsakanin su biyun. Na zazzage kwalin, na fasa soson da ke ciki, na kakkaɓe zanen kawu, na leƙa kwanon sha har sau biyu. Babu. Zufa ta jiƙa mini kallabi.

Sufeta ya ba ni lokaci fiye da yadda ya kamata. Daga baya ya duba agogo, ya ce cikin taushin murya, madan, in ba su haɗu ba, ba zai iya rubuta cewa abu guda ne ba. Ya fara mayar da murfin alƙalaminsa.

Sai na ji muryar kawu a bayana.

"Mi kike biɗa, ɗiyata?"

Na ce zobe, kawu, wani zoben ƙarfe baƙi mai zare a ciki. Ban ko waiwaya ba.

Ya sa hannu a wuyan rigarsa ya jawo wata igiyar fata. A ƙarshenta akwai ƴar jaka ɗinkakkiya, irin ta laya, sabuwa, ta yi baƙi da zufa. Ya ciro ƴar wuƙarsa ta yankan farce, ya tsinke ɗinkin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, mu duka muna tsaye. Ya zazzage a tafin hannunsa. Zoben ne.

"Kashi ukku aka yi," ya ce. "Guda cikin kaya, guda hannun amini, guda bisa jikinka. Da kinka yi hushi a kan biyu, sai nic ce bari in yi kurum da na ukkun."

Sufeta ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Ya tambayi kawu ta ina wannan ya ƙetare iyaka, kawu ya ce ta wuyansa. Sufeta ya ce to shi ma sai an rubuta shi a jeri, kuma baba ya yi wa Allah kada ya sake. Ni ban yi dariya ba. Ina kallon igiyar nan, ina tuna mutumin da ake cewa ya sayar da amana, alhali ya yi wata guda yana kwana yana tashi yana salla a sahun baya da ita rataye a ƙirjinsa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Na murɗa zoben a bututu, na murɗa kamara a zoben, ta zauna daram. Saura abin da za a duba. Na fito da gilashi da allura zan tsaga yatsana, kawu ya miƙo nasa, wani yatsa mai kaushi kamar saiwar gawo.

"Nawa za a diba," ya ce. "Ni anka zarga."

Sai da na soka sau biyu kafin jini ya fito. Na shafa shi siriri, na ɗora, na sunkuya, na murɗa a hankali. Da idona na fara gani, da ido biyu, karo na farko tun da na fara aiki. Sa'an nan na ɗaga kai na dubi ordinatar. Ga su nan, ƙwayoyin jini, zagaye-zagaye, sun cika fuskar gilashin kamar gero a faifai. Masu dako suka ajiye kayansu suka matso. Wani ɗan duwan ya kira wani. Kawu ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ordinatar, ya daɗe, sa'an nan ya tambaya ko duk wannan nasa ne. Na ce nasa ne, kuma lafiyarsu lau. Na danna, na ɗauki hoton, na tura wa manjo a gabansu. Kafin sufeta ya gama zagaya teburin, sai ga manjo ya kira yana tambaya jinin wane ne.

Sufeta ya buɗe alƙalaminsa. Ya duba lambar da ke jikin madubi da ta jikin kamara, ya gwada da takardar mai shago, suka dace. Ya rubuta cewa ya ga na'ura guda, madubi mai ɗaukar hoto, da kamararsa da zobensa, an gabatar da su tare. Lambar da ya sa ta fara da casa'in. Da zai tafi ya tambaye ni a ina na koyi karatun tarif, na ce a buron wancan bawan nawa, shekaranjiya. Ya ce da ma'aikatansa suna karatu haka da ya huta. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura, kuma har yau in na tuna sai ya ƙara. Ni ɗiyar manoma daga Kurfai, na shiga littafin da masu shi ke tsoro, na fito da layinmu.

Soke takardar farko da buga hatimai ya ci wasu kwanaki, sai ka ce kowane hatimi a wata unguwa yake kwana. Ranar da muka fito da kaya, na lura kawu yana ta kallon kwalin, yana kallon aljihunsa. Na san abin da ke ransa. Sai na sa kamara da zobe cikin kwalin a gabansa na manne da salatif. Ya yi ajiyar zuciya. A tasha yaran mota suka so ɗora shi a sama, kawu ya ce sai dai a ɗora shi shi ma. Haka ya rungume kwalin a cinya tun daga Yamai. A Baleyara kowa ya sauka neman abinci, shi bai motsa ba, salla ma sai da muka yi karɓa-karɓa.

Bayan mun wuce Baleyara, inda hanya ta fara ramuka, na tattara ƙarfin halina na ce kawu, ka gafarta mini maganar da na faɗa maka a zaure. Bai dube ni ba. Ya ce in riƙe gindin kwalin ta wajena, motar tana girgiza. Na riƙe. Haka muka shiga Filinge, hannuna a ƙasa, nasa a sama.

A gari manjo ya sa an yi shimfiɗa a rumfar likita, maigari ya zo da dattawa, mata suka tsaya ta bayan danga. Na zaci kawu zai yi jawabi, don ni da ni ce da na yi, da sunaye. Bai yi ba. Ya buɗe kwalin, ya ajiye madubi a gaban maigari ya faɗi motar da ta ɗauko shi. Ya ajiye kamara ya faɗi tata. Ya ajiye zobe ya taɓa ƙirjinsa. Sa'an nan ya ce mini in haɗa. Da jini ya fito a ordinatar, sai kowa ya so a ga nasa, har da waɗanda na tabbata bakinsu ya taɓa maganar hoton biki. Na soke su duka, kuma ba zan ce na tausaya wa yatsun wasu ba. Ana cikin haka na ga maigari ya matsa gefe a tabarmarsa, ya bubbuga wurin da tafin hannu. Kawu ya cire takalmi ya zauna.

Damina ta sauka bayan sati kaɗan. Wata rana aka kawo yarinya da zazzaɓin da bai yi kama da masassara ba, na ga abin da ban gane ba a jininta, na ɗauki hoto na tura Yamai. Uwar ba ta gama ba ta ruwa ba amsa ta dawo, da sunan maganin. Na fita bayan ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na dawo na kira na gaba. Yarinyar tana lakwal yanzu, in ta gan ni sai ta ɓoye yatsunta.

Da rani ya zagayo, ƴan bida suka sake aikowa: sun sayi firijin ajiye allurar rigakafi, mai aiki da hasken rana, da faifansa da batirinsa. Wanda zai rako shi kuwa, ba a ko yi shawara ba. Ana jibi zai tafi, da hantsi, na leƙo daga ɗakin madubi na ga kawu zaune a bencin marasa lafiya, tsakanin wata mai ciki da wani mai tari, yana jiran layi. Na ce kawu lafiya, me ya sa bai aiko an kira ni ba. Ya ce lafiya lau, layi ne bai zo kansa ba. Sai da mai cikin ta fita ya shigo, ya zauna a kujerar da nake tsaga yatsu, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dubi madubin, ya dubi ƴar jakar fatar da na rataye a ƙusa kusa da shi. Mutumin da ban taɓa ji ya tambayi kowa yadda ake yin abu ba ya gyara murya.

"Ɗiyata, kayan ga da za ni ɗaukowa. Diba min littahin. A raba, ko a haɗa?"